Faifai ya ce 192, na'ura ta ce 48: an cuce ni ne?

Sani Karantina: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilmin abin nan ku taimaka min kafin Juma'a. Satin da ya wuce na shiga harajin Sawarikh, kasuwar gwanjon nan ta Jidda, neman fanka, sai na ci karo da wata tsohuwar na'urar faifai, irin mai nauyin nan da sai ka sa hannu biyu. A goshinta an rubuta SACD da DVD-Audio, wato nau'o'in faifan sauti biyu da aka yi don su fi CD inganci. Mai kayan ya haɗa min da kwali guda na fayafayai, yawanci kiɗan udu (molon Larabawa) da na gogen Turawa, ya ce wani baƙo ne da ya gama aiki zai koma ƙasarsu ya bar su. Na kawo gida na haɗa ta da DAC ɗina, akwatin da ke juya lambobin faifai zuwa sauti, ta wayar haske. CD na yau da kullum yana nuna 44.1, lafiya lau. Amma faifan da aka rubuta 192 kHz, 24 bit a bayan kwalinsa, da na saka sai 48 ta fito. Na SACD kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu, ko ƙyas DAC ɗin bai yi ba. Fayafayan ne na jabu ko na'urar ce ta mutu? Raina ya ɓaci ƙwarai, niyyata in mayar masa da kayansa.

Nura Hindawiyya: Wa alaikumus salam. Yaya Sani wayarka ce. Waɗannan na riyal biyar ɗin ba sa ɗaukar 192. Ka nemi mai kan zinare, za ka ga bambanci.

Malam Habu Misfala: Nura, wayar haske ba wuta take ɗauka ba, haske ne ke bi ta cikinta, zinaren bai da aikin yi a nan. Kuma in waya ta gaza, sautin yankewa yake yi ko ya ɗauke gaba ɗaya. Waya ba ta iya zama ta yi lissafi ta mayar da 192 zuwa 48. Wanda ya yi wannan lissafin yana cikin na'urar. Sani, kar ka mayar da kaya tukuna. Juya bayanta ka faɗa min ramukan da kake gani.

Sani Karantina: Malam akwai na haske ɗaya, akwai wani ruwan lemo an rubuta koksiyal, akwai ja da fari guda biyu, sannan wasu shida a jere. Sauran na hoto ne. Babu HDMI.

Malam Habu Misfala: To alhamdu lillahi, na'urarka ƙalau take. Ta farkon shekarun 2000 ce. Bari Injiniya ya shigo ya warware maka dalla-dalla, ni hannu na sani, shi ya san takarda.

Injiniya Bashir Jubail: Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki. Malam Habu ya riga ya faɗi gaskiyar magana. Sani, ba a cuce ka ba, kwaɗo ne aka sa wa ƙofar da ka bi, kuma tun daga masana'anta aka sa shi.

Ramin haske da na koksiyal duk yare ɗaya suke yi, sunansa S/PDIF, na Sony da Philips. Tun zamanin CD aka yi shi, kuma ba shi da sirri ko kaɗan: duk wanda ya jona na'urar ɗauka a ƙarshen wayar zai kwashe lambobin faifan cif-cif, ba ragi. A lokacin CD kamfanonin waƙa ba su iya rufe wannan ƙofar gaba ɗaya ba. Da aka zo fitar da SACD a 1999 da DVD-Audio a 2000, sai suka ce ba za su yarda ainihin abin da ya fito daga situdiyo ya bi ta buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Ka tuna a 1999 ɗin ne Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, ya ɓullo, kuma a ƙarshen shekarar aka fasa makullin DVD na fim. Wannan fasawar ma ita ta jawo aka jinkirta fitowar DVD-Audio har aka sauya masa makulli, aka sa wanda ake kira CPPM.

Saboda haka in faifan DVD-Audio yana da kariya, na'urar tana rage shi kafin ya fita ta wayar haske, yawanci zuwa 48 kHz da 16 bit. 192 raba 4, ga 48 ɗinka nan. Da faifan na 88.2 ne ko 176.4, da 44.1 za ka gani, don danginsu ke nan. SACD kuwa ba a yarda ya fita ta nan ba sam, shi ya sa ka ji shiru.

Sani Karantina: Ikon Allah. To Injiniya, akwai wani faifan SACD ɗin da na latsa wani maɓalli a rimot sai ya yi magana, ya nuna 44.1. Shi kuma fa?

Injiniya Bashir Jubail: Mai hawa biyu ne. Faifai ɗaya, shimfiɗa biyu: ɗaya ta SACD, ɗaya ta CD zalla don ya yi aiki a mota da kowace irin na'ura. Hasken da ke karanta su ma daban ne, na CD mai tsawon nanomita 780, na SACD 650. Maɓallin da ka latsa ya mayar da kai shimfiɗar CD ne, ita kuwa ba a hana ta fita ba.

Usaini Jami'a: Allah ya gafarta malamai, ni abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutum ya sayi faifai da kuɗinsa, ya sayi na'ura da kuɗinsa, sannan a ce ga ƙofar da zai bi a cikin gidansa? Wanda zai yi sata ai zai samu hanya. Mai gaskiya kawai aka wahalar.

Malam Habu Misfala: Ban ƙi taka ba Usaini, amma ka tuna abin da kwafi ya yi wa masu waƙa da masu fim a gida. Mutum ya sayar da gona ya yi aiki, kafin faifansa ya kwana biyu a kasuwa an buga dubbai a bayan idonsa. Na san waɗanda suka bar sana'ar saboda haka. Tsoron kamfanonin ba na banza ba ne.

Usaini Jami'a: Haka ne Malam, haƙƙin mai abu haƙƙi ne. Sai dai ga shi kwaɗon bai ceci fayafayan ba. Mutane sun koma MP3 a waya, DVD-Audio ya mutu, SACD sai 'yan tsiraru.

Injiniya Bashir Jubail: Daga baya sun buɗe wata ƙofar, amma mai maigadi. HDMI yana da gaisuwar sirri tsakanin na'ura da na'ura, ita ce HDCP, sai sun gane juna sauti ya wuce. HDMI 1.1 na 2004 ya ɗauki DVD-Audio, 1.2 na 2005 ya ɗauki sautin SACD. Kafin nan wasu manyan na'urori sun yi amfani da wata wayar dijital mai suna i.LINK. Ta Sani ta riga wannan zamanin, shi ya sa aka jera mata ramuka shida na analog. Nufinsu na'urar ta juya lambobin zuwa sauti a cikin cikinta, ta miƙo maka shi dafaffe.

Kuma ko da babu kwaɗo, wayar haske ba za ta ɗauki duka ba. Layi biyu kawai take ɗauka na sautin da ba a matse ba, hagu da dama. Da yawa daga cikin ramukan haske ma a 96 suke tsayawa. Shi kansa faifan yana da iyaka: DVD-Audio ba ya wuce megabit 9.6 a sakan. Yi lissafi, 192,000 sau 24 sau layi 2 ya ba ka kusan 9.2, da kyar ya shiga. Shi ya sa 192 sai a sitiriyo kawai. Layi shida a 96 kuwa ya kai 13.8, ya fi ƙarfin ƙofar, dole sai da aka kawo dabarar matsewa ta kamfanin Meridian mai suna MLP, wadda ba ta zubar da komai.

Nura Hindawiyya: Na karɓi gyara kan waya. Amma ko ma mene ne an rage masa daɗi. 192 ta ninka 48 sau huɗu. SACD ma na ga an ce miliyan biyu da wani abu ne. Sauti kamar matakala ne, in matakan sun yi ƙanana sun yi yawa sai ya fi santsi. Wannan kowa ya sani.

Injiniya Bashir Jubail: Nura ƙanena, wannan hoton matakalar shi ya fi komai ɓatar da mutane, kuma a kwalayen talla aka fi zana shi. Abin da ke fita daga DAC ba matakala ba ce.

Lambar nan tana faɗa maka sau nawa aka ɗebi awon sautin a sakan ɗaya. 44.1 kHz, wato sau 44,100. Ƙa'idar da Harry Nyquist ya share wa hanya a 1928, Claude Shannon ya tabbatar a 1949, ta ce in ka ɗiba fiye da ninki biyu na sauti mafi tsini da ke cikin abin, za ka iya dawo da shi daidai yadda yake. Ba kusa da daidai ba, daidai. Ka tambayi magini: in ya san da'ira zai zana, ɗigo uku sun ishe shi, don da'ira ɗaya ce tak za ta bi ta kansu. Ka ba shi ɗigo dubu, da'irar dai ita ce. Haka sautin da aka tace da rariya aka cire abin da ya wuce iyaka, layi ɗaya ne kawai zai iya bi ta kan ɗigogin.

Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga 20 Hz zuwa 20 kHz. CD yana kaiwa 22.05, 48 tana kaiwa 24, 192 tana kaiwa 96. Ƙarin da ka samu ba santsi ba ne a cikin abin da kake ji, fili ne a sama inda kunnen ɗan Adam ba ya zuwa. Mu da muka haura arba'in ma da yawanmu 15 ko 16 ne iyakarmu.

SACD kuma kar ka gwada lambarsa da waɗannan, ba mudu ɗaya ba ne. Yana ɗiba sau 2,822,400 a sakan, ninki 64 na CD, amma kowace ɗiba bit ɗaya ce tak, sama ko ƙasa. Bit ɗaya hayaniya gare shi sosai, sai aka yi dabarar tura hayaniyar can sama da inda kunne ke ji. Sunan tsarin DSD.

Baba Idi Mai Wurno: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ya nuna min wannan zance ya ce Baba ga irin naka. Ni tun ina Sudan na yi shekaru a ɗakin ɗaukar shirye-shirye a Umdurman, da hannuna na riƙe kaset-kaset ɗin bidiyo na U-matic, manya kamar littafi. Ina so in faɗa wa Nura inda 44,100 ta samo asali, don ya san waɗannan lambobi ba daga sama suka sauko ba.

A ƙarshen shekarun 1970 babu abin da zai iya ɗaukar yawan lambobin sautin dijital da araha sai kaset ɗin bidiyo. Sai aka yi akwatin da ke mayar da sauti ɗigo-ɗigon baƙi da fari, a ɗauke shi kamar hoto. A tsarin talabijin na PAL, irin namu na Sudan, ana amfani da layi 294, kowane layi ɗiba 3, sau 50 a sakan. Ku buga: 44,100. A tsarin Amurka da Japan layi 245, ɗiba 3, sau 60. Ku sake bugawa: 44,100. Lamba ɗaya ta dace da ɓangarorin duniya biyu, kuma ta haura ninki biyu na abin da kunne ke ji. Da CD ya fito a 1982 sai ya gaje ta. Ita kuma 48 ta zama ta masu fim da talabijin, shi ya sa DVD ke tafiya da 48, 96, 192.

Nura Hindawiyya: Baba Allah ya ƙara girma, wallahi ban taɓa jin wannan ba. Amma ku yi min haƙuri, ni na saurari SACD a gidan wani a Riyad, kuma na rantse ya fi CD ɗin waƙar daɗi. Ba zan ƙaryata kunnena ba.

Injiniya Bashir Jubail: Kar ka ƙaryata shi, mai yiwuwa gaskiya ka ji. Tambayar ita ce me ya kawo bambancin. Sau da yawa ba tushe ɗaya aka zuba wa fayafayan biyu ba. Na CD an matse shi an ɗaga ƙararsa don ya yi tashe a mota da rediyo, na SACD an koma kan asalin tef an yi aikin a natse saboda an san masu kunne ne za su saya. Wannan bambanci kowa zai ji, amma hannun mai haɗawa ne, ba lambar ba.

An gwada abin. A 2007 wasu mutum biyu a Boston ta Amurka, Meyer da Moran, sun riƙa kunna wa mutane SACD da DVD-Audio, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci a bi da shi ta na'urar da ke rage shi zuwa matakin CD, ba tare da mai sauraro ya san wanne ne ba. Gwaji sama da 500, kuma rabi kawai aka canka, daidai da a jefa kwabo. An soki aikin, an ce wasu fayafayan da suka yi amfani da su daga tsohon tef aka ɗauko su. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary a Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya duba, ya ga akwai ɗan bambanci ƙanƙani da ake iya ganewa, musamman ga waɗanda aka horar. To ni abin da na riƙe ke nan: akwai shi, amma siriri ne ƙwarai.

Malam Habu Misfala: Kuma a ɗakin da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke ruri dare da rana. Ni aikina amfilifaya da lasifikan masallatai ne, shekara ashirin da wani abu. Ban taɓa zuwa inda aka ce sauti ya lalace na tarar lambar ɗiba ce matsala ba. Kullum ko makirufo, ko inda aka kafa lasifika, ko amsa-kuwwar marmara. Sani, ka samo waya ja da fari ka jona daga na'urar kai tsaye zuwa amfilifaya, ramin CD ko AUX. Kar ka kuskura ka sa a na PHONO, na garmaho ne, zai yi maka kururuwa. Ka ajiye DAC ɗin a gefe don CD.

Hajiya Rabi Madina: Salamu alaikum. Ku gafarce ni zan ɗan karkatar da zancen, amma tun ɗazu nake bi don ina da buƙata. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar kaset 63 na karatun da yake bayarwa a zaure tun shekarun 1980, da muryarsa, wani wurin har ana jin tarin almajirai da kiran salla daga nesa. Suna cikin akwati a sito, kuma kun san zafin Madina. Bara na kunna ɗaya na ji muryar tana rawa, na kashe na zauna na yi kuka. Ɗana ya ce zai juye su a kwamfuta, yana tambaya a wace lamba. Wani ya ce masa in ba 192 ba ɓata lokaci ne. Ni ban san komai a nan ba, ina dai tsoron a yi sau ɗaya a yi ba daidai ba.

Baba Idi Mai Wurno: Allah ya jiƙan Malam, ya sa karatun ya zama hujja gare shi. 'Yata, wannan tambayar ta fi ta faifan muhimmanci, don faifai akwai dubunsa a duniya, kaset ɗinku kuwa shi ke nan.

Kar lamba ta tsorata ku. Kaset na rikoda irin ta gida da wuya ya kai 15 kHz, muryar mutum a zaure kuwa ƙasa da haka take sosai. 48 ta rufe shi har da saura. Masu adana kayan tarihi sukan yi a 96 da 24 bit don su bar wa na gaba fili in an samu sabuwar dabarar gyara, in kuna da wurin ajiya ku yi hakan. Abin da ba zan yarda a sassauta ba shi ne 24 bit, kuma a ajiye shi WAV, tsarin da ba ya zubar da komai, ba MP3 ba. Daga baya a yi MP3 don rabawa 'yan uwa, uwar kuma a ɓoye ta wuri biyu, gida daban-daban.

Amma aikin gaske yana wurin rikodar da za ta karanta kaset ɗin. Rawar muryar da kika ji, sau da yawa ba kaset ba ne, bel ɗin rikoda ne ya saki ko robar da ke jan zaren ta bushe. A samu babbar dek mai lafiya, a goge kanta da auduga da sifirit, a daidaita ɗan sukurun kan har muryar ta fito tar. A fara da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Kafin a kunna kowanne a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi, zaren ya saki jiki. Kuma a ɓalle 'yan haƙoran da ke saman kaset ɗin, don kar hannu ya kuskure ya danna ɗauka. Na taɓa ganin an shafe abin da ba a sake samu ba ta wannan hanyar, har yau yana damuna.

Injiniya Bashir Jubail: Abin da Baba ya faɗa ba ƙari. Dalilin 24 bit ɗin, Hajiya: kowane bit yana ba da kusan desibel 6 na tazara tsakanin shiru da ƙara. 16 ya ba da 96, wanda ya wadatar wajen sauraro. 24 ya ba da 144 a lissafi, to ɗanki zai iya rage ƙarfin shigar sautin sosai, ko Malam ya ɗaga murya kwatsam ba za ta fashe ba, kuma ba a yi asarar komai ba. Wurin ajiya kuma, awa ɗaya a 96 da 24 sitiriyo kusan gigabait 2 ne, kaset mai minti 90 kusan 3. Duka 63 ɗin ba za su wuce gigabait 200 ba. Ya duba saitin kwamfutar ma, don Windows yakan mayar da komai 48 a ɓoye in ba a daidaita shi da manhajar ɗauka ba.

Hajiya Rabi Madina: Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabatanku. Na tura masa duka. Yau za mu fito da akwatin daga sito mu kawo shi ɗaki mai sanyi.

Sani Karantina: Jama'a na dawo. Na jona ja da fari kamar yadda Malam Habu ya ce, SACD ya yi magana! Sai dai wani faifan, kayan kiɗan suna fitowa amma muryar mai waƙar can nesa kamar daga cikin rijiya.

Malam Habu Misfala: Kana kan ɓangaren layi shida ne. Muryar tana layin tsakiya, kai kuwa hagu da dama kawai ka jona. Yawancin fayafayan suna da ɓangaren sitiriyo daban. Nemi maɓallin da ka latsa ɗazu, ka zagaya har fuskar na'urar ta nuna 2CH. Ka shiga saiti ka mayar da shi na dindindin.

Sani Karantina: Ya yi! Muryar ta dawo tsakiyar ɗaki. Na kashe mukayyif na zauna cikin zufa na saurari faifan udu ɗin har ƙarshe, ana jin yatsan mutumin yana goga tsirkiya. Ba zan ce na san ko 192 ce ko hannun mai haɗawa ba, amma ban taɓa jin irinsa a gidana ba. Kuma na yi istigfari, kwana huɗu ina zargin bawan Allah nan a raina, har na faɗa wa maƙwabcina ya sayar min da jabu. Yanzu na je na gyara maganar. Juma'a zan koma harajin in gaishe shi, in duba ko sauran kwalayen na nan.

Nura Hindawiyya: Yaya Sani in za ka tafi ka biya ta Hindawiyya mu je tare. Ina so in zo gidanka da CD ɗin wani faifan mu gwada, kai ka riƙa sauyawa ni ina juya baya.

Malam Habu Misfala: Ku daidaita ƙarar su biyun tukuna, wanda ya fi ƙara ko da kaɗan shi kunne ke zaɓa. Sani, in ka ga dek ɗin kaset mai kai uku a can ka ɗauko min hoton gabanta da bayanta kafin ka biya. Hajiya, ina da bel sababbi a shago. In dek ɗin ta samu zan gyara ta, akwai direban da ke zuwa Madina duk Talata, sai in ba shi ya kawo muku.